Wankan Jego da Kunun Kanwa a Ma'aunin Likitancin Zamani: Bitar Bincike da Ƙa'idojin Jinyar Raunin Zuciyar Masu Jego

Tsakure

Sama da shekara 40 ke nan ana danganta yawaitar raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa a ƙasar Hausa da al'adun jego, musamman wankan ruwan zafi da shan kunun kanwa. Wannan muƙala ta bibiyi asalin wannan ra'ayi tun daga binciken da aka gudanar a Zariya a shekarun 1970, sannan ta auna shi da sakamakon ayyukan da suka biyo baya a Sakkwato da Yamai da Kano da wasu ƙasashen duniya. An yi amfani da hanyar bitar ayyukan da aka wallafa da kuma ƙa'idojin jinya na ƙungiyoyin likitocin zuciya. Muƙalar ta gano cewa binciken baya-bayan nan bai tabbatar da al'adun jego a matsayin musabbabin cutar ba, ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin masu juna biyu da ƙarancin sinadarin seleniyom da kuma gado. Duk da haka, al'adun na iya tsananta ciwon ga wadda ya riga ya kama, kuma fassarar da al'umma ke yi wa alamominsa tana jinkirta zuwa asibiti.

Fitilun Kalmomi: jego, wankan jego, kunun kanwa, raunin zuciya, al'ada, kiwon lafiya

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana ɗaukar kwana arba'in na farko bayan haihuwa a matsayin lokacin da jikin mace yake ɗanye, wanda sanyi kan iya shiga ya yi masa illa. A kan wannan fahimta aka gina tsarin kula da mai jego: a dafa ruwa ya tafasa, a yi mata wanka safe da yamma da ganyen darbejiya ko makamancinsa, a dama mata kunun kanwa, a ba ta gasasshen nama da yaji, a wasu wuraren kuma ta kwanta a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Manufar ita ce ta gasu, nono ya kawo, ƙarfinta ya dawo.

A ɗaya ɓangaren kuma, likitocin zuciya sun daɗe da sanin cewa arewacin Nijeriya yana cikin yankunan da suka fi ko'ina a duniya yawan matan da zuciyarsu kan gaza a daidai wannan lokaci. Haɗuwar waɗannan al'amura biyu a wuri guda ta sa aka yanke hukuncin cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Hukuncin ya shiga littattafan koyar da likitanci, daga nan ya tsallaka zuwa rubuce-rubucen masu nazarin al'adun Hausawa, inda akan ambace shi a matsayin abin da aka gama magana a kansa. Tambayar da wannan muƙala ta ɗauka ita ce: ko hujjojin da ake da su a yau suna goyon bayan wannan hukunci? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ne ake gina saƙon da ake isar wa ungozoma da uwa da miji, kuma kuskure a saƙon yana iya zama sanadin rasa rai.

2.0 Ma'anar Cutar da Alamominta

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne yake tura jini zuwa sassan jiki. A kowane bugu, lafiyayyar zuciya kan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin wannan ɗaki. Wannan adadi, wanda muƙalar za ta kira kason turi, ana auna shi ne da na'urar hoton zuciya mai aiki da amo.

A shekarar 1971 Demakis da abokan aikinsa a Amurka suka fayyace cutar a matsayin gazawar zuciya da ke bayyana a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata 5 bayan haihuwa. A 2010 kwamitin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ya sassauta wannan iyaka ta lokaci, ya bayyana ta da cewa raunin tsokar zuciya ne da ke zuwa gab da ƙarshen ciki ko a watannin da suka biyo bayan haihuwa, ba tare da an sami wani dalili na daban ba, kuma kason turi yakan sauka ƙasa da kashi 45 cikin 100.

Idan zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa yakan taru a huhu da ƙafafu da ciki. Alamomin sun haɗa da haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da kasa kwanciya rigingine sai an tada kai da matasai, da farkawa cikin dare saboda sarƙewar numfashi, da tari, da kumburin ƙafa, da bugun zuciya da sauri, da kasala mai tsanani. Matsalar ita ce da yawa daga cikin waɗannan alamomi suna kama da laulayin tsohon ciki da gajiyar haihuwa, don haka sukan wuce ba a lura da su ba.

Yawan cutar ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Japan an ƙiyasta mace 1 cikin haihuwa 20,000, a Afirka ta Kudu 1 cikin 1,000, a Haiti 1 cikin 300. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar (2007) sun sami 1 cikin 102.

3.0 Binciken Zariya da Asalin Zargin Al'ada

Aikin da ya kafa tubalin zargin shi ne na Davidson da Parry (1978), waɗanda suka yi nazarin mata 224 da suka zo asibiti a Zariya da gazawar zuciya a lokacin jego. Sun ƙiyasta cewa cutar na kama kusan mace 1 cikin 100 daga matan Hausawa da suka haihu a yankin, suka kuma danganta hakan da kanwa da zafi.

Hujjarsu tana da ma'ana a ilimin aikin jiki. A lokacin goyon ciki jinin mace yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, kuma bayan haihuwa jiki yana buƙatar makonni kafin ya rage wannan ƙari. Kanwa, wadda tun zamanin fatake ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, tana ƙunshe da sinadarin sodiyom mai yawa, shi kuwa sodiyom yana riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ƙara aiki. Idan aka haɗa ragowar ruwan ciki da gishirin kanwa da zafin wanka da na gado, an ɗora wa zuciya kaya uku a lokaci guda.

Sai dai akwai wani abu da masu kafa hujja da wannan aiki ba su cika ambatawa ba. A 1979 Sanderson da abokan aikinsa, ciki har da Parry kansa, sun duba zukatan irin waɗannan mata a Zariya da na'urar hoto, suka tarar cewa da yawansu tsokar zuciyarsu tana matsawa da ƙarfinta. Wato ruwa ne ya yi wa zuciyar yawa, ita kanta tsokar ba ta raunana ba. A bisa ma'anar da ake amfani da ita a yau, wadda ta shardanta faɗuwar kason turi, wani ɓangare na matan Zariya ba za su shiga lissafin cutar ba. Ke nan binciken farko ya gwama nau'o'in ciwo biyu a ƙarƙashin suna ɗaya: gazawar da lodin ruwa ya haifar, da kuma raunin tsoka na haƙiƙa.

4.0 Abin da Sababbin Bincike Suka Nuna

4.1 Rajistar PEACE

Aiki mafi girma da aka yi kan cutar a Nijeriya shi ne rajistar PEACE, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. An tattara bayanan mata 406 daga cibiyoyin lafiya 22 a faɗin ƙasar, kowacce an tabbatar da cutarta da hoton zuciya, aka kuma kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya tabbatar da cewa mafi yawan majinyatan daga Arewa maso Yamma suke, kuma a Kano adadin ya kai mace 1 cikin haihuwa 96.

Da aka tace alƙaluman, abubuwan da suka fito a matsayin masu ƙara haɗari su ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da tarihin hawan jinin masu juna biyu. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya da ƙafarsu a matsayin sanadi ba. Dalilin ba shi da wuyar fahimta: al'adar ta game gari, masu ciwo da lafiyayyu duk suna yin ta, saboda haka ba ta iya bayyana abin da ya sa wannan ta kamu waccan ta tsira. Rashin ilimin boko da rashin sana'a kuwa alamu ne na talauci, wanda ke tafe da ƙarancin abinci mai gina jiki da rashin zuwa awon ciki.

Rajistar ta kuma bibiyi mata 244 na tsawon kusan wata 17. Kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai kashi 25 ba. Idan aka kwatanta da binciken IPAC na 2015 a Arewacin Amurka, inda kashi 72 na mata 100 suka warware cikin shekara guda, ko rajistar Ƙungiyar Turai ta 2020 mai mata 739 daga ƙasashe 49, inda kashi 6 suka rasu cikin wata 6, za a ga girman tazarar. Wani abin lura shi ne matan Nijeriya da suka riƙa shan magungunan rage gudun bugun zuciya a kai a kai sun fi sauran tsira.

4.2 Seleniyom

Seleniyom sinadari ne da jiki ke buƙata kaɗan domin kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, kuma yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar da aka noma shi. An san cewa ƙarancinsa yana da hannu a cutar Keshan, wani raunin zuciya da ya addabi mata da yara a wasu yankunan Sin. A 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai sun sami ƙarancinsa a jinin masu jegon da ke da raunin zuciya, a 2015 kuma aka sami irin wannan sakamako a Kano. Wani gwaji da aka wallafa a 2020 ya ba wasu daga cikin majinyata 100 masu ƙarancin sinadarin ƙarin seleniyom na wata 3, aka ga sauƙi a alamomin ciwon. Gwajin ƙarami ne, kuma binciken Haiti bai sami wannan alaƙa ba, saboda haka ba a shigar da seleniyom cikin ƙa'idojin jinya na duniya ba. Amma ya buɗe wata ƙofa: mai yiwuwa ɓangare na amsar yana cikin ƙasar noma da kwanon abinci na yankin Sahel.

4.3 Sinadarin Nono da Mabiyiya da Gado

A 2007 Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta a Jamus sun nuna cewa furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo, yakan tsage a wasu yanayi ya haifar da wani guntu mai lalata ƙananan hanyoyin jinin zuciya. A 2012 wani binciken ya nuna cewa mabiyiya tana fitar da wani sinadari a ƙarshen ciki da ke hana hanyoyin jini gyara kansu, kuma yawansa yakan hauhawa ga masu hawan jinin juna biyu. Wannan ya yi daidai da abin da rajistar PEACE ta gani. A 2016 kuma Ware da abokan aikinsa sun gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 na majinyatan da suka bincika suna ɗauke da tawaya a ƙwayoyin gado, galibi a wanda ke samar da taitin, wani ginshiƙin furotin na tsokar zuciya. Fahimtar da ta fi rinjaye a yau ita ce cutar tana aukuwa ne idan sauye-sauyen ƙarshen ciki suka tarar da zuciyar da gado ko rashin abinci ko hawan jini ya riga ya raunana.

4.4 Gano Cutar da Wuri

A 2024 mujallar Nature Medicine ta wallafa gwajin SPEC-AI, wanda aka gudanar a asibitoci 6 a Nijeriya kan mata masu ciki da masu jego sama da 1,000. An gwada wata na'urar sauraren ƙirji da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, aka tarar ta ninka adadin masu raunin zuciyar da ake ganowa idan aka kwatanta da dubawar da aka saba. Darasin da ke ciki ya wuce batun na'ura: ko a cikin asibiti, mata da yawa suna wucewa da ciwon ba a gane ba.

5.0 Ƙa'idojin Jinya

Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai na 2018 kan ciwon zuciya da juna biyu sun raba jinyar gida biyu. Kafin haihuwa, an haramta magunguna irin su enalafiril da dangoginsa saboda illarsu ga ƙodar ɗan tayi. Akan yi amfani da haidiralazin da naitiret domin sassauta hanyoyin jini, da magungunan fitar da ruwa cikin taka-tsantsan. Bayan haihuwa sai a koma cikakkiyar jinyar gazawar zuciya. Ƙa'idojin Turai na 2021 da na Amurka na 2022 sun kafa wannan jinya a kan rukunan magani huɗu, sai dai ga mai shayarwa ana zaɓar waɗanda aka san ba su cutar da jariri, kamar enalafiril da kaftofiril da metofurolol. Ƙa'idojin 2018 sun ce a ci gaba da magani aƙalla wata 6 bayan hoto ya nuna zuciya ta warware, sannan a janye shi a hankali.

Batun da ya fi jawo muhawara shi ne buromokiriftin, maganin da ke tsayar da furolaktin. Wani ƙaramin gwaji da Sliwa ta jagoranta a Afirka ta Kudu a 2010 kan mata 20, da wani a Jamus a 2017 kan mata 63, sun ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Ƙa'idojin 2018 sun ce ana iya duba yiwuwar amfani da shi, da sharaɗin a haɗa shi da maganin hana daskarewar jini. An kuma ƙaddamar da gwajin REBIRTH a Arewacin Amurka domin samun hujja mai ƙarfi. Maganin yana busar da nono. A ƙauyen da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu kuma tsabtataccen ruwa yake wuya, busar da nono na iya ceton uwa ya jefa jariri cikin gudawa da tamowa. Wannan shawara ce da dole a auna ta da halin gidan majinyaciya.

Ƙa'idojin sun kuma yi gargaɗi mai ƙarfi kan sake ɗaukar ciki ga wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, domin ciwon kan dawo da tsanani. Ko wadda ta warware tana buƙatar kulawar likitan zuciya a cikin da zai biyo baya. A al'ummar da haihuwa ke da babban matsayi a darajar mace a gidan aure, wannan gargaɗi ba ya aiki sai an shigar da miji da iyaye cikin maganar.

6.0 Harshe da Al'ada a Tsakanin Majinyaciya da Asibiti

A nan ne masanin Hausa yake da abin cewa. Kalmar zuciya a Hausa ta fi yawan nuni ga hali da motsin rai fiye da tsokar da ke ƙirji. Akan ce wane ya yi zuciya, ko yana da mutuwar zuciya, ko zuciyarsa ta ɓaci. Haka ma ciwon zuciya, a bakin jama'a, ciwo ne da baƙin ciki da ƙunci ke jawowa. Idan aka gaya wa dangi cewa yarinyar da ta yi haihuwar fari tana da ciwon zuciya, tambayar da ke fara zuwa ita ce wa ya ɓata mata rai, sai zargi ya koma kan miji ko kishiya ko uwar miji. Wannan ne ya sa muƙalar ta zaɓi raunin zuciya, domin yana nuni ga gaɓar da ƙarfinta ya ragu, kuma yana sauƙaƙa bayanin dalilin shan magani na tsawon watanni.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. A tsarin tunanin jego, kumburi da tari da kasala alamu ne na cewa sanyi ya shiga ko mace ba ta gasu ba. Maganin da wannan fahimta ke bayarwa shi ne a ƙara zafin ruwa, a ƙara kanwa. Ga matar da tsokar zuciyarta ta riga ta raunana, wannan ƙari ne ga nauyin da ya fi ƙarfinta, domin hujjar Davidson da Parry game da sodiyom da zafi tana nan daram a wannan gaɓa. Kuma tun da al'ada ta tanadi cewa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, makonnin da magani ya fi amfani a cikinsu sukan ƙare a ɗaka.

Saboda haka saƙon da ke cewa a daina wankan jego gaba ɗaya yana da rauni ta fuska biyu: hujjar baya-bayan nan ba ta tsaya masa ba, kuma yana sa tsofaffin da ke riƙe da ragamar jego su toshe kunne. Saƙon da ya fi dacewa da hujja shi ne wanda ke koya wa ungozoma da kaka su bambance gajiyar haihuwa da alamomin haɗari: mai jegon da ke haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ko ƙafarta ke ƙara kumbura bayan haihuwa, a dakatar mata da kanwa da ruwan zafi, a kai ta asibiti a ranar, ko da ba a yi suna ba.

7.0 Sakamakon Nazari

Bitar ta fito da abubuwa huɗu. Na farko, zargin da aka ɗora wa al'adun jego ya samo asali ne daga binciken da ya gwama lodin ruwa da raunin tsoka. Na biyu, rajistar PEACE ba ta sami al'adun a matsayin sanadi mai zaman kansa ba, ta nuna rama da talauci da hawan jinin juna biyu. Na uku, kanwa da zafi suna da illa ga wadda ciwon ya riga ya kama. Na huɗu, yawan mace-mace a Nijeriya ya zarce na sauran ƙasashen da aka kwatanta nesa ba kusa ba, alhali akwai magunguna sanannu da aka ga amfaninsu a cikin majinyatan ƙasar.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta bi sawun wani ra'ayi daga Zariya ta shekarun 1970 zuwa Kano ta 2020, ta nuna yadda ingantuwar kayan bincike ta sauya fahimtar cutar. Ya kamata masu rubutu kan al'adun haihuwa su sabunta abin da suke naƙaltowa daga likitanci, kada su tsaya a kan hukuncin 1978. Akwai kuma aikin da ke jiran sassan nazarin Hausa: tattara kalmomin da mata da ungozomomi ke amfani da su wajen bayyana haki da kumburi a karin harshen Kano da Sakkwato da Zazzau da Damagaram, da daidaita kalmomin da ma'aikatan lafiya za su yi amfani da su a ɗakin awo da gidajen rediyo. Likita yana da na'ura da magani, amma wadda ke fara ganin mai jego tana haki da asuba ita ce tsohuwar da ke dafa mata ruwan wanka, kuma da Hausa za a yi mata bayani.